Karatun Kogi: Lura da Hawan Ruwa da Tsira Daga Ruwa Mai Gudu

An gabatar da wannan lacca a Kaduna a gaban masunta, matuƙa kwale-kwale, masu ɗiban yashi da matasan unguwannin bakin kogi. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Iyayenmu sarakunan ruwa, masu unguwanni, iyayenmu mata, ƙannena matasa, barkanmu da warhaka.

Maganata a yau guda ɗaya ce: ruwan da ke cin mutane a garin nan, sau da yawa ba a kanmu aka yi shi ba. Kogin Kaduna daga tsaunukan Jos ya taso, ya yi tafiyar kusan kilomita 550 kafin ya faɗa kogin Neja a Muregi. Kafin ya iso mana ya kwashi ruwan rafuka da dama, har da Galma mai ratsowa ta Zariya. Saboda haka za a iya kwana ana tafka ruwa a Filato, mu nan rana ƙwal, amma kogi yana hawa. Mai kallon hadari kaɗai ya makara.

Bari in gyara wata magana da nake yawan ji. Da ruwa ya shiga gidaje sai a ce ai Kamaru ce ta saki ruwa. Madatsar Lagdo ta Kamaru a kan kogin Binuwai take, ruwanta jihohin Adamawa da Taraba da Binuwai da Kogi yake bi, ba ya biyowa ta nan. Madatsar Shiroro kuwa, wadda aka buɗe a 1990, da ta Zungeru, a kan koginmu suke, amma can ƙasa da mu a Jihar Neja. Namu ruwan daga sama yake zuwa, kuma mutanen Unguwar Rimi, Kigo Road, Rafin Guza da Nasarawa ba su manta da abin da ya yi a 2003 ba.

To yaya ake karanta kogi? Hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, hukumar yanayi ta NiMet tana fitar da na damina. Ku saurare su a rediyo, suna da amfani. Amma hasashe zai ce maka ƙaramar hukumarku tana cikin haɗari a watan Agusta ko Satumba, ba zai ce maka yau da la'asar kada ka tura jirgi ba. Wannan aikin ma'auni ne. Ma'aunin nan ba wani abin mamaki ba ne: allo ne mai lambobi da ake kafawa a jikin ƙafar gada ko a gaɓa, a raba shi mita-mita da santimita. Inda babu, ku samo ƙarfe ko turke mai ƙwari, ku kafa shi inda ruwa ba zai tumɓuke shi ba, ku yi masa zane da fenti duk bayan santimita 10. A sa yaro mai hankali ya riƙa dubawa safe da yamma yana rubutawa a littafi.

A nan nake so ku ba ni kunnuwanku sosai. Lambar da ka gani ita kaɗai ba ta isa ba. Abin tambaya shi ne, hawa yake ko sauka, kuma da wane sauri? Ruwan da ke kan zane na goma yana janyewa daban yake da ruwan da ke kan zane na goma alhali da asuba yana na shida. Na farkon ya gaji, na biyun yanzu ya fara. In ba ka da ma'auni a kusa, soka kara a daidai bakin ruwa, ka je ka yi sallah ka dawo. In ka tarar ruwa ya shanye gindin karan, to kogi yana kawowa. Ka duba launinsa: ya koma ja, ya yi kauri? Yana ɗauko karan masara ɗanye, rassan itace da kumfa? Dutsen da mata ke shanya wanki a kansa ya ɓace? Waɗannan duk iyayenmu masunta sun san su tun kafin a haife ni. Abin da nake roƙo shi ne a haɗa sanin nan da rubutu da waya, ta yadda na sama zai kira na ƙasa ya ce masa, ruwa ya wuce mu, yana tafe.

Yanzu ƙarfin ruwa. Ruwan da zai cika akwati mai mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi, nauyinsa tan ɗaya ne. Kuma in gudun ruwa ya ninka biyu, ƙarfin turinsa ninkawa huɗu yake yi. Shi ya sa ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba, wato bai fi idon sawu da kaɗan ba, yake iya kayar da babban mutum, mai santimita 60 kuwa ya tafi da mota. Ɗan acaɓa da mai Keke, in ruwa ya rufe kwalbati, ku tsaya. Ba ku san ko kwalbatin yana nan ba.

Inda kogi ya bi ta kan duwatsu yana tafasa yana farin kumfa, masu wasan tseren ruwa a duniya sun kasa irinsa mataki shida, daga mai sauƙi zuwa wanda ba a shiga. Darasin da za mu ɗauka a wurinsu shi ne, wuri ɗaya yakan canja mataki in ruwa ya ƙaru. Mashigin da ka saba bi da rani, ba shi ne na Agusta ba. Kuma farin ruwan nan cike yake da iska, ba ya ɗaukar mutum kamar ruwa kwantacce, komai iya iyonsa.

In Allah Ya ƙaddara jirgi ya kife da kai a irin wannan wuri, zuciyarka za ta ce ka miƙe tsaye. Kada ka yi. Ƙafa takan maƙale tsakanin duwatsu, ruwa ya danne ka ta baya, fuskarka ta nutse a wurin da bai kai ƙugunka ba. Ka kwanta rigingine, ƙafafu a gaba suna kallon inda ruwa ya nufa, yatsun ƙafarka a sama, ka riƙa tokare duwatsu da su. Sai ka ga wuri mai sanyin gudu sannan ka juya ka yi iyo a karkace zuwa gaɓa. Itacen da ya faɗi cikin kogi kuwa, ka guje shi iyakar ƙarfinka. Kamar rariya yake: ruwa ya wuce, kai ka tsaya, ruwan kuma ya ci gaba da danna ka. Haka ƙasan ƙaramar madatsa, inda ruwa ke zubowa yana juyawa baya, yakan riƙe mutum yana jujjuya shi.

Rigar ruwa kuma, wato rigar ceto mai hana nutsewa, don Allah a daina jin kunyarta. Haɗarin Patigi a Jihar Kwara a watan Yunin 2023 ya ci mutum fiye da 100, 'yan biki ne da dare cikin jirgin da aka cika maƙil. Lodi fiye da kima, tafiyar dare da rashin riga, su ne dai kullum. Addu'a wajibi ce, amma ɗaure riga ba ya rage tawakkali. A ɗaure ta tamau, don sakakkiyar riga ta kai take fita.

Na ga Baba ya ɗaga hannu. Bismillah, Baba.

Tambaya: Malam, in ɗana ne ruwa ya ja a gabana, ka ce in tsaya ina kallo?

A'a Baba, Allah Ya kiyaye, ban ce ka tsaya ba. Amma sau nawa muka ji mutum biyu sun tafi, na biyun ceto ya je? Ka fara yin kururuwa a taru, wani ya kira 112. Ka miƙa masa gorar tuƙi ko dogon itace, kai kuma ka durƙusa ko ka kwanta don kada ya fizgo ka. In ya yi nisa, ka ruga ta gaɓa ka sha gabansa, ka jefa masa jarka rufaffiya ko igiya. Igiyar nan a hannu ake riƙe ta, kada ka ɗaura a ƙugunka, kada shi ma ya ɗaura, domin in ta miƙe ƙasa ruwa zai danna shi. In akwai jirgi da gwanayen matuƙa, su bi shi. In an fito da shi ba ya numfashi, a bar zancen juya shi ƙasa ana matsa ciki. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska a baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 30 ana hurawa sau 2. Ko ya farfaɗo ya ce lafiya lau yake, a kai shi asibiti a ranar, domin ruwan da ya shiga huhu yakan tayar da ciwo bayan sa'o'i.

Akwai wata tambayar daga ɓangaren mata? Hajiya, a miƙa mata abin magana.