Tuffar Barewa: Hira Kan Hoton da Ya Tada Ƙura a Guruf

Zainab: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Zainab, ga Auwal a gefena, ga kuma Yaya Kabiru a waya daga jihar Mishigan ta Amurka. Yaya, hoton nan da ka tura guruf ranar Juma'a, har yanzu ba a gama cece-kuce a kansa ba.

Auwal: Wani ma cewa ya yi haɗa shi aka yi da kwamfuta.

Kabiru: Wallahi da idona na gani, ni na ɗauka. Gonar abokin aikina ce. Bishiya tsirara, ko ganye ɗaya babu, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa fari fat, amma ga tuffa rawaya tana reto a rassa. A gindin kuwa sawun barewa ne kamar an ci kasuwa an watse.

Zainab: Kuma kana nufin shi bai taɓa cin ko ƙwaya ɗaya ba?

Kabiru: Yana ɗan tsinka, amma ba don kansa ya shuka ba. Don barewa ya shuka.

Auwal: Innalillahi. Tuffar da mu nan sai mutum ya kwanta asibiti ake kai masa guda biyu a leda?

Zainab: Guda biyun ma 'yan dubiya su cinye ɗaya.

Auwal: Su cinye ɗaya, a yanka ɗayar gida huɗu. Ni fa tun ina yaro na ɗauka tuffa magani ce. In na ga an shigo da ita gida sai gabana ya faɗi, in ce wa kuma ba shi da lafiya?

Kabiru: To ka zo nan ka ga barewa na takawa tana wucewa. Amma ku tsaya, kada ku ɗauka sadaka ce. Mutumin nan maharbi ne. A Mishigan, 15 ga Nuwamba ake buɗe farautar barewa da bindiga, a rufe 30 ga wata. Ranar buɗewar nan kamar sallah ce, wasu ma ba sa zuwa aiki. Tuffar da aka saba, yawancinta tun Satumba zuwa Oktoba ta nuna ta zube, barewa ta cinye ta ƙara gaba. Shi abin da yake nema irin da zai riƙe 'ya'yansa, yana sakin su kaɗan-kaɗan daga Nuwamba har cikin Disamba, wani ma ya kai Janairu. Lokacin nan an girbe masara, ciyawa ta mutu. Duk wanda ke da bishiyar da ke zubarwa, barewar yankin gidansa za ta tare.

Zainab: Kamar gawo ke nan da awaki.

Kabiru: Kin gama magana, Zainab. Gawo da rani yake zubar da 'ya'ya, lokacin da daji ya bushe, shi ya sa ba ka raba gindinsa da dabbobi. Bambancin kawai, shi gawo Allah ne ya tsara masa haka, su kuwa maharban nan zama suke da takarda suna lissafin wane iri ne zai zube a wane mako. Dolgo, wata 'yar ƙaramar tuffa mai tsami da aka kawo daga Rasha a 1897, ita tun ƙarshen Agusta take farawa. Liberty, wadda aka fitar a jihar New York a 1978, sai Oktoba. Sannan masu jinkiri, Enterprise da GoldRush, waɗanda jami'o'in Purdue da Rutgers da Illinois suka haɗu suka fitar a farkon shekarun 1990. Ta hoton nan GoldRush ce. Akwai kuma Arkansas Black, tsohon iri, tauri kamar dutse.

Auwal: To me ya hana shi sayen buhun masara ya zuba? Ai ya fi sauƙi.

Kabiru: Doka. Tun 2019 aka hana zuba wa barewa abinci a ɓangaren kudu na Mishigan, saboda wata cuta da ke cin ƙwaƙwalwarsu, su rame har su mutu. A Kolorado aka fara gano ta a 1967, kuma ba ta da magani. In suka haɗa baki a tsibin abinci ɗaya, yawu na haɗuwa, sai ta bazu. Amma bishiyar da ka shuka ta zubar da kanta, wannan ba a ɗauke shi zuba abinci ba.

Zainab: Ni dai a ganina wayo ne. Ba a gindin bishiyar suke taruwa ba?

Kabiru: Na faɗa masa haka, ya yi dariya ya ce ƙwaya biyar da ta faɗo cikin dare ba ɗaya take da buhu ba. Yana da 'yar gaskiya, amma ban ba shi duka ba.

Auwal: Yaya, in na ci tuffa na shuka ƙwallon, ba shi ke nan ba?

Kabiru: Za ta fito, amma ba za ta yi kama da uwarta ba. Sai an yi mata aure, irin na mangwaro.

Auwal: Yauwa, mun zo wajen.

Zainab: Don Allah kar ka fara.

Auwal: A'a, ki bari. Bishiya ma an nema mata miji, ni ina nan shekara nawa? Yaya, nawa ne sadakin?

Kabiru: Wuƙa mai kaifi da ɗan tef.

Auwal: Babu lefe?

Kabiru: Babu. Kuma gindin daga Rasha ake samo irinsa, Antonovka ko B118, saboda jure sanyi da zurfin saiwa. Saman kuma ɗan Amurka.

Auwal: Auren ƙasa da ƙasa! Su waye waliyyai?

Zainab: Jami'o'in nan uku da ya lissafa.

Auwal: To ni ma a kai ni Purdue ɗin nan a duba lamarina. Ina jure sanyi, ina da saiwa, gidanmu sananne ne a unguwa.

Kabiru: Kai matsalarka jinkirin nuna ne.

Zainab: Sai Janairu zai faɗo!

Auwal: In faɗo barewa ta tsince ni. Allah ya isa, Yaya.

Kabiru: Kuma fa auren bai ƙare nan ba, don iri ɗaya ba ya haihuwa sosai shi kaɗai. Sai an dasa wani iri daban kusa, ƙudan zuma su kai garin fure daga wannan zuwa wancan.

Auwal: Kishiya ke nan.

Zainab: Auwal, ya isa. Yaya, ci gaba.

Kabiru: Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, babbar abokiyar gabar dashen nan ita ce barewar da ake shuka wa. In ka bar shi a fili, kafin mako ta cinye toho. Namijin kuma da kaka yakan goga ƙahonsa a jikin ƙaramar bishiya har ya saɓule ɓawon. Don haka kowane dashe sai an zagaye shi da ragar waya mai tsawon ƙafa 5, a kafa ƙarfe a ɗaure. Shi abokin nawa ya yi duk wannan a shekararsa ta farko, ya manta abu ɗaya. Akwai wani ɗan ɓera mai guntun wutsiya da ke haƙa hanya a ƙarƙashin dusar ƙanƙara. Da ƙanƙara ta narke ya je dubawa, sai ya tarar an gwaguye ɓawon gindin zagaye, fari tas kamar an fere rogo. In ɓawo ya yanke zagaye, bishiya ta tafi. Ya ce zama ya yi a kan bokiti ya rasa ta cewa. Yanzu kowane gindi sai ya naɗe shi da ragar taga irin ta sauro, ya tura bakinta cikin ƙasa.

Zainab: Shekara nawa kafin ta fara haihuwa?

Kabiru: Babbar bishiya irin wadda suke so, 5 zuwa 8, wani lokaci fiye. Gajerun na saurin haihuwa, amma barewa na kai bakinta ko'ina, ga beyar, wata ƙatuwar dabbar daji, da ke hawa ta karya rassa.

Auwal: Shekara 8 kana ciyar da naman da ba ka ci ba. Naman ma ya halatta?

Kabiru: Barewa ce fa, Auwal. Ka kai wa malaminku maganar harbi da bisimilla, kar ka ja ni. Abin da nake so in faɗa tun ɗazu, wanda ya ce tuffa ce ke fitar da barewa daga hunturu ya yi ƙari. Tuffa ruwa ce da zaƙi. Tana taimaka mata ta tara kitse, musamman mazan da suka rame wajen bin mata a Nuwamba. Amma in sanyi ya kankama, abincinta ƙananan rassa ne da toho da ganyen wata bishiya da suke kira sida, tumbinta ma sai ya sauya ya dace da hakan. Shi ya sa in aka zuba mata masara da yawa a tsakiyar hunturu tana iya mutuwa da cikinta cike.

Zainab: Kamar tunkiyar da ta faɗa rumbu.

Kabiru: Sak. Ni a ganina wanda ya sare 'yan bishiyoyi rana ta shiga, sabon toho ya fito, ya fi yi wa barewa amfani a Fabrairu. A can jihohin Vermont da Maine ma akwai tsofaffin tuffa a gonakin da aka watsar, daji ya rufe su. Ba dashe ba aure, sai dai a sassare abin da ya yi musu inuwa su dawo haihuwa. Wannan ne ma na so mu...

Zainab: Yaya, yi haƙuri, lokaci ya ci mu, ga tambayoyin masu sauraro ko ɗaya ba mu taɓa ba. Mai tambaya ko GoldRush za ta yi a Kano, ba za ta yi ba, sai ta sha sanyi mai tsawo take fure.

Auwal: Masu neman a haɗa su da ni kuma, Zainab na karɓar suna.

Zainab: Ba na karɓa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.

Kabiru: Ku gaida gida. Auwal, ka sayi tef.