Lacca: Lulluɓe ƙasar gindin bishiya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan zama, da ku da kuka bar ayyukanku kuka zo. Na baya kuna ji na? To, madalla.

Jama'a, duk wanda ya taɓa shiga kurmi ya san babu mai share shi. Ganye ya faɗo ya kwanta, wani ya faɗo a kansa, na ƙasa ya ruɓe ya zama ƙasa. Ka sa hannu ka yaye ganyen, za ka tarar da ƙasa baƙa, mai sanyi, mai laima, ko da an daɗe ba a yi ruwa ba. Mu kuwa in mun dasa bishiya sai mu share gindinta ƙal, mu tara ganyen mu cinna masa wuta, mu bar ƙasa tsirara rana tana dukanta. A ganinmu tsabta muka yi, alhali abincinta da mayafinta muka ƙone.

Kafin a gane amfanin lulluɓi, sai an san inda saiwa take. Mutane da yawa suna zaton yadda bishiya ta yi tsawo a sama, haka saiwarta ta nutsa ƙasa. Akwai itatuwa masu saiwa mai zurfi, gaskiya ne, amma ƙananan saiwoyin nan sirara kamar gashi, waɗanda su ne ke shan ruwa da abinci, mafi yawansu suna cikin santimita 30 zuwa 60 na saman ƙasa. Dalili kuwa saiwa tana numfashi, kuma iska ta fi yawa a sama. Sannan gefe suke bazuwa, har su wuce iyakar inuwar rassa nesa, sau da yawa ninki biyu ko uku. Ashe ke nan rayuwar bishiya tana dab da tafin ƙafarka, a daidai wurin da rana ta fi gasawa, ƙafa ta fi takawa.

To me lulluɓi yake yi? Na farko ruwa. Ƙasar da aka bari a buɗe, ka ba ta ruwa da safe, kafin la'asar samanta ya bushe. In an rufe ta da busasshen ganye ko gutsattsarin itace, rana da iska ba sa kaiwa gare ta kai tsaye, sai laimar ta daɗe. Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba: ɗigon ruwan sama yana da ƙarfi. In ya bugi ƙasa tsirara yana farfasa dunƙulenta, garin ya toshe ƙananan ramuka, in ta bushe sai ta yi ɓawo mai tauri. Ruwa na gaba da ya zo ba zai shiga ba, sai ya gangara ya tafi da ƙasar sama. Lulluɓi shi ke karɓar wannan duka, ruwan ya tsattsafa a hankali ya sauka inda saiwa take.

Yana kuma rage zafin ƙasa da rana, ya riƙe mata ɗumi lokacin sanyi. Yana hana ciyawa tsirowa saboda irinta ba ya samun haske, kuma in babu ciyawa ba ka da dalilin kai fartanya ko injin yankan ciyawa kusa da gindi ka ji wa ɓawo rauni. Abin da ya fi burge ni shi ne aikin da ake yi a ƙarƙashinsa ba dare ba rana. Tana, wato tsutsar ƙasa, tana jan ruɓaɓɓen ganye zuwa ƙasa tana huda hanyoyin iska, naman gwari, wato dangin funfuna, da ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suna narkar da shi su mayar da shi taki. Bayan shekara biyu ko uku, ƙasar da fartanya ke ƙara a kanta sai ka iya tona ta da yatsa.

Yanzu ga yadda ake yi. Ka cire ciyawar wurin da hannu, ka ba ƙasar ruwa ta sha, sannan ka shimfiɗa. Kaurinsa santimita 5 zuwa 10, wato kamar yatsu huɗu a jere, kada ya wuce haka. In ƙasarka laka ce mai riƙe ruwa, ka tsaya a 5. Faɗi kuwa, ga ƙaramar bishiya a ƙalla mita 1 daga gindi ta kowane ɓangare, in da hali ka kai shi har iyakar inuwa.

Ku ba ni hankalinku a nan, don wannan shi ne kuskuren da ya fi kashe itatuwa. Kada lulluɓi ya taɓa jikin bishiya. Ka bar fili kamar santimita 10 kewaye da gindi, ta yadda za ka riƙa ganin inda gindin ya buɗe ya fara zama saiwa. Wasu sai su tara shi tsibi a jikin bishiyar, wai ƙauna ce. Ɓawon gindi an halicce shi ne don ya zauna a bushe cikin iska. In ya kwana ya wuni cikin laima sai ya ruɓe, kuma a ƙarƙashin ɓawon nan ne hanyar da abincin da ganye ya sarrafa ke bi ya sauka zuwa saiwa. In hanyar ta yanke zagaye, saiwa ta mutu da yunwa. Ga ɓeraye da ƙwari suna samun maɓoya su ci ɓawon. Ga kuma sababbin saiwoyi da ke tsirowa cikin tsibin su naɗe gindin, yana girma suna shaƙe shi. Na taɓa yaye irin wannan tsibi daga wata bishiya da ganyenta ya yi ta rawaya, mai ita yana ta ƙara mata ruwa da taki. Da na taɓa ɓawon, sai ya biyo hannuna kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Wallahi abin ya dame ni, don mutumin ya yi wahala a kanta shekara da shekaru.

Da me za a lulluɓe? Busasshen ganye, kara da aka daddatsa, ƙaiƙayi, ɓawon itace, gutsattsarin rassa, duk suna yi. Ɗanyar ciyawa a bar ta ta sha iska tukuna, in ba haka ba takan manne ta hana ruwa shiga. Garin katako a shimfiɗa shi sama sama, kada a cuɗa shi da ƙasa, don masu ruɓar da shi za su janye sinadarin naitirojin da saiwa ke bukata. Leda ba na ba da shawararta ko kaɗan, tana toshe iska da ruwa. Tsakuwa kuma tana ɗaukar zafi, ba ta ƙara wa ƙasa komai. In ka ji tulin da za ka ɗiba yana warin tsami, ka baza shi ya sha iska na 'yan kwanaki kafin ka kai shi gindin bishiya.

Na ga hannu a can. Na'am, Malam? Yana tambaya ne game da gara. Tambaya ce mai kyau. Gara takan zo, ba zan ɓoye muku ba, kuma yawancin abin da take ci busasshen abu ne. Hanyoyin da take haƙawa ma suna taimaka wa ruwa ya shiga ƙasa. Inda take ɓarna shi ne ƙaramin dashe da ƙishirwa ta raunana, ko wanda aka jingina wa busasshen kara a jiki. Saboda haka ka kiyaye filin nan na santimita 10, ka riƙa ba dashen ruwa, ka leƙa gindin duk mako. Sau ɗaya a shekara kuma ka sa yatsa ka auna kaurin, in ya ragu ka ƙara kaɗan, in ya dunƙule ka wargaza shi da hannu. Akwai wata tambayar?