Likitan dabbobi ya taimaka kyauta, za a iya maka shi a kotu?

Mota ta kaɗe kare a bakin titi, jini na zuba, mai shi ba ya kusa. Likitan dabbobi ya tsaya ya ɗaure raunin, amma karen ya mutu. Shin mai shi zai iya neman diyya?

A Amurka kowace jiha da tata dokar. A Kalifoniya, likitan da ya yi wa dabba jinyar gaggawa a wurin da hatsari ya auku ba zai biya diyya ba, sai in an tabbatar ya yi mummunan sakaci. Dokar Teksas ta ƙara da cewa in likitan ya kashe dabbar don raba ta da azaba, ana ɗauka jinƙai ya yi.

Kan wannan sakacin ake fafatawa a kotu. Likitan da ya ɗaure ƙafa cikin duhu, bai lura da jinin da ke zuba a cikin ciki ba, kuskure ya yi irin wanda doka ke yafewa. Wanda kuwa ya ɗirka allurar barci bai ko kimanta nauyin dabbar ba, ya tafi ya bar ta ba mai duba numfashinta, wannan ganganci ne, ba dokar da za ta kāre shi.

Sai maganar kuɗi. Wasu jihohi sun sa sharaɗin kada a karɓi ko sisi, don haka aika takardar biya daga baya na iya rushe kariyar. Haka in dabbar ta koma asibitinsa ya ci gaba da jinyarta, gaggawa ta wuce, hukuncin aikinsa na kullum ya dawo.

Akwai kuma dokar tarayya ta 1997 mai kāre 'yan sa-kai da ke aiki ƙarƙashin ƙungiyar agaji ko hukumar gwamnati, muddin suna da lasisin da jihar ta amince da shi.

Amma fa duk wannan bai hana a shigar da ƙara ba, bai kuma ɗaure hannun hukumar da ke ba da lasisi ba. Shi ya sa likita zai rubuta komai tun a wurin: lokacin da ya iso, halin da ya tarar da dabbar, sunan magani da yawansa, ƙoƙarin da ya yi na neman mai ita, da wanda ya miƙa wa ita.