Sharon ta sake shiga lambu

Hadiza: Jama'a barkanmu da warhaka. Tun makon jiya saƙon masu sauraro iri ɗaya ne: tumatirin bayan gida, ganye duk ya yi fari-fari kamar an zana shi da allura.

Malam Sabi'u: Tsutsar nan ce, Sharon. Ba sai na gani ba.

Nura: Wai Malam, wa ya raɗa mata sunan nan? Ni Sharon ɗin da na sani motar haya ce.

Malam Sabi'u: Ai gudunsu ɗaya!

Nura: Kuma dukkansu ba sa tashi sai sun cika.

Hadiza: Ta haya dai ko ba komai tana tsayawa shan mai.

Nura: Ta tsaya kuma ta ƙi tashi, fasinja su sauko turi.

Malam Sabi'u: Ku yi ta dariya. A 2016 babu wanda ya dara. Kaduna har dokar ta-ɓaci ta kafa a kan tumatir, masana'antar Dangote ta Kaɗawa ta tsaya don babu kaya. Tuta absoluta sunanta, daga Kudancin Amurka, ta ɓulla a Sifen a 2006, ta yi ta gangarowa har ta iso mu. Ita tsutsar cikin naman ganyen take shigewa, kai kana feshi a waje, ita tana ciki tana kalaci. Ka nace wa magani ɗaya kuma, ta saba da shi.

Hadiza: To mai tushe goma a buhu fa, Malam?

Malam Sabi'u: Shi ya ma fi sauƙi, yana da ido da hannu. Kullum da safe ya juya ganye, wanda ya kamu ya tsinke ya binne, kar ya yar a gindin. Ya daka 'ya'yan darbejiya, ya jiƙa su kwana, ya tace, ya ɗan sa sabulu, ya fesa da yamma. Da dare kuma fitila a kan roba mai ruwan sabulu, uwar tsutsar, mai fiffiken, da kanta za ta faɗo. Kuma kar ya kafa gauta kusa, ita ma Sharon tana cin ta.

Nura: Ni toka Inna take barbaɗawa.

Malam Sabi'u: A gaishe da Inna, amma toka ba ta shiga cikin ganye.

Hadiza: Saura farin ƙuda da nannaɗewar ganye, mun yi alkawari...

Nura: Ga kiran la'asar can.

Hadiza: To, sai mako mai zuwa.