Wuta-wuta, furen da aka sauya wa dangi

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da yamma. Wannan da ke hannuna ɗazu na tuge shi a gonar dawa. Ku dubi furen, ruwan hoda, gwanin sha'awa. Baƙo zai ce a dasa a ƙofar gida, manomi kuwa ko a mafarki ba ya son ganinsa.

Wuta-wuta ke nan, wasu su ce ƙuduji. Masana na kiran sa Striga hermonthica. Striga da Latinanci "mayya" ce, kuma wallahi sunan ya dace. Hermonthis kuma tsohon gari ne a Masar, Armant ta yanzu. Delile, Bafaranshe masanin tsirrai da ya bi rundunar Napoleon zuwa Masar a 1798, shi ya fara siffanta shi, ya sa shi a jinsin Buchnera. A 1836 Bentham, masanin tsirrai na Ingila, ya mayar da shi jinsin Striga.

Damina ɗaya yake rayuwa, amma tsiro guda kan zubar da iri dubbai, ƙanana kamar ƙura, su kwanta a ƙasa fiye da shekara goma. Ba sa tsirowa sai sun sansano wani sinadari da saiwar shuka ke fitarwa. A 1966 aka fara ware irin sinadarin nan, daga saiwar auduga. Abin dariya, auduga tana tashin irin amma ba ya iya kama ta, sai ya mutu da yunwa. In dawa ce ko gero ko masara, sai ya liƙe wa saiwa yana tsotsa, makonni kafin ya leƙo waje. Kafin ka ga fure, ɓarna ta riga ta auku.

To, batun dangi. Shekara da shekaru yana cikin dangin tsirran da masana ke kira Scrophulariaceae, don siffar furensa ta yi kama da nasu. Da aka bincika ƙwayoyin halittarsa, sai aka ga 'yan'uwansa na jini su ne Orobanchaceae, dangin masu tsotson saiwar wasu, aka mayar da shi can. Shi dai yana da koren ganye, yana ɗan taɓa neman na kansa. Ɗan'uwansa na gonar wake, Striga gesnerioides, ganyen ma sai ka lura za ka gani.

Ga shi, a zagaya da shi kowa ya duba. Don Allah kar a karkaɗe, ƙwanson ƙasa-ƙasa ya fara bushewa.