Kafin a Sauke Giya: Lacca Kan Motar Otomatik Mai Canjin Giya Ba Daidai Ba

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, iyayenmu da suka riga mu riƙe sufana, direbobi, da yaran gareji da ke tsaye can baya, barkanku da yamma. An ce in yi magana kan giyar otomatik idan ta fara sabon hali: ta yi jinkirin shiga, ko ta shiga da duka, ko ta maƙale a lamba guda ta ƙi gaba.

Maganata ɗaya ce. Sauke giya shi ne aikin ƙarshe, amma a garejinmu ya zama na farko. Mota ta fizga sau biyu, sai a ce wa mai ita, "Alhaji, giya ta tafi, sai dai a nemo 'yar Kwatano a Ƙofar Ruwa." Ya biya kuɗi masu nauyi, an ɗaura wata, ba a yi sati ba fizgar ta dawo. Me ya sa? Tun farko ba a cikin giyar ciwon yake ba.

Giyar otomatik ta yanzu ba ta yanke wa kanta shawara. Kwamfutar mota ce ke duba gudun da ake yi, da yadda ka taka totur, da zafin injin. Daga nan ta ba solanoid wuta, solanoid ya buɗe wa mai hanya a cikin bawul bodi, wato ɓangaren da ke rarraba man a cikin giya, man ya matse faya-fayan kuloci, giya ta canza. Ko sensa ce ta yi ƙarya, ko waya ta tsinke, ko mai ya yi ƙasa, ko fayan ne suka cinye, abin da direba zai ji iri ɗaya ne. Don haka ba a gane ciwon giya da kallon fuskar mai mota. Ana binsa ne daga mai araha zuwa mai tsada.

Mafi araha kuwa tambaya ce, ko sisi ba ka kashewa. Da sanyin safiya take yi ko sai ta yi zafi? Tsakanin wace lamba da wace lamba? Me aka taɓa mata kwanan nan? Wannan ta ƙarshen ita ce ake mantawa. An wanke injin da ruwa mai ƙarfi, ruwa ya shiga soket ɗin giya. An cire batir, kwamfutar ta manta abin da ta koya na yadda za ta matse kuloci, sai motar ta yi ɗan duka na kwanaki kafin ta daidaita. Wani ma sai ka matsa masa sannan ya ce, "Af, wancan satin yaro ya canza mata man giya."

To mu zo kan man, don nan zan daɗe. Ba kowace mota ake auna manta iri ɗaya ba. Toyota mai sandar awo, a ajiye ta a fili mai daidai, injin ya yi zafi yana aiki, a bi da giya duk lambobi a dawo da ita P, sannan a zaro sanda. Honda kuwa sai an kashe injin, a auna cikin kamar minti ɗaya da kashewa. Ka auna Honda da tsarin Toyota, ƙarya za ta nuna maka. Idan mai ya yi ƙasa, famfon giya na zuƙar iska, sai ta yi jinkirin shiga, ko ta saki a kan kwana. Idan ya yi yawa kuma ya yi kumfa, sakamakon kusan ɗaya ne. Wasu sababbin motocin ma babu sandar sam, ta wani ƙusa ake duba yawan man a ƙasan giya, kuma sai man ya kai wani zafi da kamfani ya ƙayyade, wanda na'ura ce ke nuna maka shi.

Idan ka zaro sandar, kada ka goge ta a jikin rigar aiki. Nemi farar takarda ka ɗiga a kai, ka fita da ita rana. Ja mai haske, lafiya. Ruwan ƙasa, ya tsufa. Baƙi mai ƙaurin ƙonewa, faya-faya sun sha wuta. Ka murza shi tsakanin yatsa biyu, idan ka ji tsaki-tsaki, wani abu na cinyewa a ciki. Idan kuwa ya fito fari-fari da sirkin ja kamar an dama madara, ruwa ya shiga. Bututun sanyaya man giya ta cikin lagireto yake bi a motoci da yawa, in ya fashe, ruwa da mai su haɗu. Nissan Pathfinder da Xterra na 2005 zuwa 2010 sun yi suna kan wannan. Ka ɗaura sabuwar giya ba ka canza lagireton ba, ka kashe giya ta biyu da hannunka.

Sannan ba duk jan mai ne man giyarka ba. Tsofaffin Toyota T-IV suke sha, na baya-bayan nan WS. Honda tana da nata, Z1 a da, yanzu DW-1. Nissan mai CVT, wato wadda ba ta da lambobi sai bel na ƙarfe tsakanin fuli biyu, NS-2 ko NS-3 take sha, kuma NS-2 kore ne, ba ja ba. Ka zuba Dexron, wani jan man giya na daban, a Honda, ta fara shiga da ƙarfi. Ka zuba shi a CVT, to nan bel ɗin zai fara zamewa, kuma ba ya dawowa. Ga kuma jabu da ya cika kasuwa, galan mai kyau, abin ciki Allah kaɗai ya sani. Ni a ra'ayina, gara ka sayi lita uku na gaske da ka sayi biyar na araha.

Yanzu zan taɓo abin da na san wasu ogoginmu ba za su ji daɗi ba, ku gafarce ni. Tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwa kada ya je lagireto sai injin ya yi zafi. Mun saba, mota na shigowa daga waje sai a cire shi a jefar, a ce na ƙasar sanyi ne, a haɗa fanka kai tsaye. To ku sani, a Toyota da yawa kwamfuta ba ta yarda a shiga giyar ƙarshe ba sai ruwan injin ya kai kamar digiri 60. Da gangan aka tsara haka, don injin ya yi saurin ɗaukar zafi. A watan Afrilu cikin cunkoson Kano ba za ka lura ba, zafin gari ya rufe maka asiri. Amma a hunturu, ka tashi da asuba ka kama hanyar Zariya, iska mai sanyi na dukan lagireto, allurar zafi tana kwance ba ta tashi. Motar ta yi ta kuka a lamba uku, ta ƙi sakin jiki, tana shan fetur. Direba ya dawo ya ce giya ba ta ƙarasa canji. Giyar nan lafiyarta ƙalau, umarni take bi. Maganinta tamostat ne da ba ya kai kuɗin taya ɗaya.

Bayan mai da zafi, sai a sa mata kwamfuta. Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket ɗin OBD-II inda ake jona na'urar gwaji, galibi a ƙarƙashin sitiyari. Idan fitilar D na ƙyaftawa a Honda, ko O/D OFF a tsohuwar Toyota, motar na gaya maka ta ajiye bayani. A lambobin da na'urar ke nunawa, P0700 cewa kawai yake akwai magana a ɓangaren giya, ka shiga ciki. P0715 da P0720 sensar gudu ce, ta shiga da ta fita. P0750 da P0755 solanoid. P0741 kulocin cikin kwanbata ne, wato abin da ke haɗa injin da giya, ba ya kamawa yadda ya kamata. P0730 kuma yana nufin lambar da aka nema ba ita aka samu ba, wannan ya fi kusa da zamewar gaske. Sai dai lambar ba ta ce ka sayi kaya ba, unguwar da ciwon yake ta nuna maka. Kira riwaya ya auna waya da soket tukuna, ɓera ma yana cin waya. Kuma don Allah a daina goge lamba a ce an gyara.

Wani lokacin kwamfutar ce kanta mai laifi. RAV4 ta 2001 zuwa 2003 tana dukan giya, musamman daga biyu zuwa uku, kuma asalin matsalar daga kwamfutar injin take. Har Toyota ta ƙara wa'adin garanti a Amurka zuwa shekara 10 ko mil 150,000 saboda haka. In an yi sakaci, dukan ne ke zuwa ya cinye giyar daga baya. Masu Peugeot 406 da 307 mai giyar AL4 kuma kun san halinta: ta buga, ta tsaya a lamba uku, ka kashe ka tayar ta sake kamar ba ita ba. Wannan tsayawar kariya ce, kuma sau da yawa solanoid biyu masu daidaita ƙarfin mai ne suka gaji.

Sai a fita gwaji, mai motar yana gefe. Taka birki, daga N ka sa D, ka ƙirga. Littafin Toyota ya ce ta kama cikin ƙasa da daƙiƙa 1.2, ribas kuma 1.5. Idan ka ji "gum" amma a kan hanya tana canzawa sumul, buɗe bonet ka duba robobin da injin ke zaune a kai. Idan tana karkarwa a hawa, duba fulogi da koyil kafin ka zargi giya. Wanda ya fi damuna shi ne ka ga allurar injin ta yi tsalle sama a lokacin canji daga wata lamba zuwa wata, mota ba ta ƙara gudu ba, sannan ta kama. Idan mai daidai ne, waya daidai ce, to kwance farantin ƙasa ka duba maganaɗisun da ke ciki. Baƙin laushi kaɗan a jikinsa ba komai ba ne. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da gutsattsarin faya a cikin matata, wannan kam an zo wurin, sauke ta da hujja.

Na ga hannu a can. Bismillah, Baba.

Baba yana tambaya, wai gaskiya ne in aka canza man tsohuwar giya mutuwa take yi? Ranka ya daɗe, sabon mai ba ya kashe lafiyayyar giya. Wadda fayanta suka riga suka cinye, dattin da ke cikin tsohon man ne ke ɗan taimaka mata tana kamawa, ana zubar da shi sai asirinta ya tonu. In man ya tsufa amma bai ƙone ba, a zubar a zuba sabo. Abin da zai fito kamar lita uku ne, saura yana cikin kwanbata, shi ya sa ake maimaitawa bayan an ɗan yi tafiya. Honda sau uku ta ce a yi, ba ta son a tura da injin matsi. In kuwa ya yi baƙi yana ƙauri, gaya wa mai motar gaskiya tun kafin ka kwance ƙusa, kada gobe ya ce kai ka kashe masa mota.

Wancan ɗan'uwan kuma yana maganar ja da igiya. Kada a ja otomatik nesa injin a kashe, tayoyin da ke jan motar suna ƙasa, domin famfon mai ba ya juyawa, ƙarfe na cin ƙarfe a bushe. A ɗora ta a kan mota, ko a ɗaga gaban idan mai jan gaba ce.

Shugaba ya nuna mini agogo. Mai sauran tambaya ya same ni a waje bayan Magariba. Wassalamu alaikum.