Wa zai biya kuɗin tsaron jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna?

Assalamu alaikum. Malamai, iyaye da ɗalibai, barkanku da yamma. Na baya, kuna ji na? To madalla.

Da wata takarda zan fara. A 2021 ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya kai wa majalisar zartarwa ta tarayya buƙatar naira biliyan 3.7 don sayen na'urorin sa ido a layin dogon Abuja zuwa Kaduna. Majalisa ba ta amince ba. Kuma mu yi mata adalci, tana da hujja: kamfanin da aka kawo sabo ne, ba a ga babban aikin da ya taɓa yi ba. Wa zai damƙa wa baƙo irin wannan dukiya?

To amma me ya biyo baya? A watan Oktoban shekarar aka fasa wani sashe na dogon da nakiya. Gargaɗi ke nan, ƙiri-ƙiri. Sai daren 28 ga Maris 2022, jirgi ya taso daga tashar Idu ta Abuja zai je tashar Rigasa ta Kaduna, 'yan bindiga suka tare shi a wajejen Katari. Aƙalla mutum 8 suka rasu, aka shiga daji da fiye da 60. Na ƙarshensu, su 23, sai 5 ga Oktoba aka sako su. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ni a ganina ƙin sa hannu ba shi ne laifin ba. Laifin yana cikin watannin da aka yi shiru. In kamfani bai cancanta ba, a nemo wani mana! Ba a mayar da takarda aljihun tebur a ci gaba da sayar da tikiti ba.

Da jirgin ya dawo ranar 5 ga Disamba, sai aka ce babu tikiti sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, aka rage sawu, aka ƙara kuɗi. Nan fa gardamar take. Gwamnati ta ce layin nan na kilomita 186 da bashin dala miliyan 500 daga bankin Exim na China aka gina shi, ga mai, ga gyara, ga jami'an tsaro, dole fasinja ya ɗauki wani kaso. Gaskiya ne. Sai dai na taɓa ganin wata dattijuwa a Rigasa ta kwance bakin zane, ta ƙirga kuɗinta sau biyu, ta juya ta nufi tashar mota. Hanyar da ta gudo wa, ita tsada ta mayar da ita.

Kuma tsaro ba 'yan bindiga kaɗai ba ne. A watan Agustan 2025 jirgin ya sauka daga kan dogo a Asham, babu wanda ya harba ko harsashi ɗaya. Kuɗin gyara shi ne marayan kasafi, don babu mai yanka kirtani a bikin ɗaure noti.

Na ji an kira magariba. Mu yi salla, in mun dawo sai na karɓi tambayoyinku.